Tayoyi Huɗu a Hanyar Madina

Ranar da na fara ganin shagon facin taya a Jidda sai da na tsaya a bakin titi na yi dariya ni kaɗai. Shekara goma sha tara ina wannan sana'a a Ringim, a gindin wata darbejiya, da injin iska guda ɗaya mai tari kamar tsohon mashayin taba, sai ga shi a nan an sa wa sana'ar tamu ƙofar gilashi da na'urar sanyi. Banshar suke kiran wurin, taya kuma su ce kafar. Na ce a raina a kira ta da duk sunan da aka ga dama, roba dai roba ce, kuma babban yatsana ya san ta. In na danna taya sau ɗaya, ina ji a jikina ko ta kirki ce ko ta banza. Da wannan taƙamar na shigo ƙasar.

Umara na zo na ƙi komawa, kamar yadda da yawanmu suka yi. Mutumin da ya shirya mana tafiyar ya rantse mini cewa akwai wani Balarabe mai gareji da ke jira na, zai tsaya mini a matsayin kafili ya yi mini iƙama, wato takardar zama da aiki. Ya sauke mu a wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, mu bakwai a ɗaki guda, ya ce zai je ya dawo da la'asar. Har yau la'asar ɗin ba ta yi ba.

Wata biyu na yi ina dako a kasuwannin Balad. Na koyi bin lungu maimakon babban titi, na koyi gane motar 'yan sanda tun daga ƙarar injinta. Akwai wani mutumin Yaman mai gasa gurasa a bakin layinmu, bai taɓa tambayar sunana ba, amma kullum sai ya ƙara mini ludayi guda na wake ya kawar da kai kamar bai yi ba. Na gode masa, sai dai wake da gurasa safe da yamma ba abincin mutumin Ringim ba ne. Wata rana na bi ta bayan wani gida na ji ƙamshin daddawa yana fitowa ta taga, na tsaya na jingina da bango. Kewar Talatu matata da 'ya'yana ta kama ni har sai da na yi hawaye, ni da gemuna.

Daga baya na samu aiki a wani ƙaramin banshar a gefen unguwar Hindawiyya, ba irin mai gilashin nan ba. Mai kula da shi wani mutumin Sudan ne, Mu'allim Ɗayyib, dogo, marar yawan magana. Ya ba ni taya ya ce in cire, na cire ta kafin ya gama kurɓar shayinsa, ya ce in zo gobe. A makon farko ya zaunar da ni ya nuna mini rubutun jikin taya. Ya ce lambar farko faɗinta ne, ta biyu tsayin gefenta, ta uku girman wili. Ya nuna mini wasu lambobi huɗu da ke faɗin makon da shekarar da aka yi ta, da harafin da ke nuna yawan zafin da za ta iya jurewa. Ya ce a wannan ƙasa ba ƙusa ke kashe taya ba, zafi ne. Na dinga gyaɗa kai ina cewa na'am, a raina kuwa ina cewa wannan bawan Allah yana koya wa kifi iyo. Girman kai rawanin tsiya.

A nan Baba Bakur ya same ni. Ya kawo wata tsohuwar a-kori-kura, ina fama da wani noti da ya ƙi kwancewa, ina zaginsa da Hausa ba tare da na san akwai mai ji ba. Sai na ji murya a bayana tana cewa, "Kai yaro, noti ba shi da uwa, bar zaginta." Na waiwaya na ga dattijo cikin farar jallabiya, baƙi kamar ni, yana dariya. Ya tambaye ni garinmu. Da na ce Ringim sai dariyar ta tsaya, ya kama hannuna da duk baƙin man da ke jiki ya riƙe.

Ashe kakarsa 'yar Ringim ce. Da ƙafa ta zo aikin hajji tare da mijinta, suka shekara da shekaru a hanya, suka iso ba su koma ba. Shi a Jidda aka haife shi, a Jidda ya yi aikin tashar jirgin ruwa har ya yi ritaya, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, wadda ko a ƙauyenmu an daina jin ta, ga Larabci yana faɗowa cikinta kamar tsakuwa a shinkafa. Tun daga ranar ya daina kira na Haladu, sai dai Ɗan Garinmu.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci gidansa nake wucewa, hawa na uku a wani tsohon bene a Hindawiyya. A ci tuwo da miyar kuka, a kawo shayi, sannan a fara abin da ya gayyace ni dominsa. Zai sa ni in lissafa masa unguwannin Ringim ɗaya bayan ɗaya, ya rufe ido yana maimaitawa. Ya taɓa tambayata ko wata kuka da kakarsa ke sayar da fura a gindinta, kusa da hanyar kasuwa, tana nan. An sare ta tun ina saurayi, gidan mai ne a wurin yanzu. Na dubi fuskarsa na ce tana nan, har ta ƙara girma. Ya yi ta murna, ni kuma ban ga laifin abin da na yi ba. Da ya ji yadda muke kwana a Balad, ya karɓi fasfo ɗina ya ajiye a akwatinsa, ya ce amana ce har ranar da na buƙace shi.

Autarsa Rihab tana ba da magani a wani asibiti. Tana jin Hausa tsaf, amma in za ta mayar sai ta yi ta laluben kalma, in ta rasa ta cike da Larabci. Ammu take kira na, wato baffa. Tana da mota ja, mai ƙofa huɗu, irin masu gudun nan da cikinsu ya kusa taɓa ƙasa. Tana son motar nan ƙwarai, da guminta ta saya. Ni kuwa duk lokacin da na wuce ta a ƙofar gida sai na dubi tayoyin na taɓe baki. Sirara ne, ba nama a gefensu, kamar an naɗa wa wili ƙyallen roba. Na sha tsokanarta cewa in aka kai motar nan hanyar garinmu, ramin farko ne zai raba ta da wili. Takan yi dariya ta ce ai ba hanyar garinmu take bi ba.

Da zafi ya tsananta a shekarata ta biyu, Baba Bakur ya ce yana son zuwa Madina ya yi ziyara, ya kuma tsaya a kan kabarin mahaifiyarsa tun yana da ƙafar zuwa. Rihab ta ɗauki hutu za ta kai shi. Sai ta lura tayoyinta sun suɗe, ta ce za ta kai motar wurin dillalan da suka sayar da ita a canja. A gabana aka yi maganar, muna kan tabarmar cin abinci. Baba ya ajiye cokali. Ya ce ta yaya za a ce ga mai sana'a a cikin gida, ɗan garin kakarsa, sannan a kai wa bare? Ya ce mutanen garinsu in suka kama aiki ba sa ha'inci, shi kakarsa ta faɗa masa, kuma ya gani da idonsa a kaina. Rihab ta so ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

Ba ta yi musu ba. Ta yago takarda ta rubuta 225/45 R18, ta miƙo mini tare da makullin. Ta ce, "Ammu, wannan lamba, bas. Ba wani. Kafar na zafi, sabo, na bana." Na karɓa na ce ta kwantar da hankalinta, tun tana ƙarama nake sa taya. Na cusa takardar a aljihu ban sake dubawa ba.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da mu masu faci a gida, don a gane abin da na yi ba mugunta ba ce, ko da yake sakamakonsa bai bambanta da na mugunta ba. A wurinmu tayar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a Turai aka kawo gwanjo, ta fi sabuwa daraja. Direba zai ture sabuwa ya ɗauki Beljiyam, ya ce ta Turawa ce, ta fi ƙarko. A cikin Beljiyam ɗin ma akwai wadda ake rububi, mai zane mai zurfi, mai laushi in ka danna, da ɗan hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a gefenta. Mai dutse muke ce mata. Na taɓa jin cewa ta lokacin sanyin ƙasashensu ce, amma na ɗauki zancen shirme, don ban ga yadda taya za ta san rani da damina ba. Sannan duk motar da ta zo hannunmu mukan ƙara mata tsayin taya saboda ramuka. Na sa wa motoci irin wannan ba adadi. In wata ta fashe a hanya, sai mu ce ƙaddara, a kawo wata.

Na ƙudura cewa tayoyin nan kyauta zan yi wa gidan, in rama tuwon Juma'a da abin da na iya. Kuma ba zan kai musu sababbin sirara ba, abin da na sani ya fi kyau zan kai. Mu'allim Ɗayyib ya tafi Makka a ranar, babu mai duba ni. Na ɗauki hanya zuwa wani sito a bayan unguwar makanikai, inda wani ɗan ƙasarmu ke sayar da irin kayan nan a ɓoye, don an hana sayar da tsohuwar taya a can. Na tono har na samu huɗu iri ɗaya, masu dutse, zanensu kamar ba su taɓa taka ƙasa ba. Na danna da yatsa, robar ta lotsa ta dawo. Mai siton ya ce lallai na san kaya. Lambar tsakiya 55 ce maimakon 45. Na ce madalla, ƙarin nama ne, zai tsare wili, kuma bayan tsoho ba zai sha jijjiga ba. Lambobin shekara kuwa ko kallonsu ban yi ba.

Na ɗaura su, na ba su iska, na shafe su da man ƙyalli har suna ɗaukar ido. Da na fito da motar na murza sitiyari har ƙarshe, na ji wani ɗan sauti a gaba ta dama, shuu, kamar taya na shafar wani abu. Na tsaya. Wallahi na tsaya, na saurara, na sake murzawa na sake ji. Sai na ce wa kaina sabon takalmi ma yakan yi ƙara kafin ya saba da ƙafa. Wannan tsayawar ita ta fi ci mini rai har yau, don ba zan iya cewa ban ji ba.

Da yamma na kai motar. Baba Bakur ya sauko daga benen da kansa, ya zagaya ta yana shafa tayoyin yana sa mini albarka. Rihab ta dawo daga aiki a tasi ta same mu. Ta tsaya daga nesa ta ce motar ta ƙara tsayi. Na ce haka sabuwar taya take yi. Ta tambaye ni ko lambar daidai ce da wadda ta rubuta, na ce daidai. Ta matso za ta sunkuya ta duba, sai Baba ya ce mata da Larabci abin da ko ni na gane: kunyata baƙonsa za ta yi a gabansa? Ta miƙe, ta ba ni haƙuri, ta gode mini. Na ji daɗin yadda tsohon ya tsaya mini, har na tafi gida ina jin kaina.

Washegari suka tafi da safe. Sun wuce rabin hanya, rana ta take tsaka, kwalta na tururi, tayar gaba ta dama ta yi bindiga. Motar ta ƙwace daga hannunta ta bugi ƙarfen gefen hanya ta ɓangaren da Baba yake zaune. Rihab ta karye a hannu. Shi ƙugunsa ya karye, bayansa ya taɓu.

Daga bakin Mu'allim Ɗayyib na ji, kwana ɗaya bayan nan, shi kuma a masallacin unguwa ya ji. Ya tambaye ni daga ina na samo tayoyin, tunda ba a taɓa na shagonsa ba. Na faɗa masa. Ya tambaye ni hoton da ke gefensu da lambarsu, na faɗa masa. Sannan ya yi mini bayanin da ya yi mini tun farko, amma yanzu da kunnena a buɗe. Robar da aka yi don ƙanƙara laushi gare ta, in ta hau kwaltar Hijaz da rani tana gudu na awoyi, dahuwa take yi. Balle tsohuwa da ta daɗe a ajiye. Tsayin da na ƙara kuma ya sa tana gugar jikin mota in an yi lodi, ya kuma sa malejin yana nuna gudun da bai kai wanda ake yi ba. Bai zage ni ba. Ya ce in kwashe kayana, ba ya son bincike ya biyo ta shagonsa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ban je asibiti ba. Na ce wa kaina ai a ƙofa za a tambayi iƙama a kama ni, kuma gaskiya ne ana iya yin haka. Amma ba askar, wato 'yan sandan bakin ƙofa, nake tsoro ba, fuskar tsohon nake tsoro. Mako uku na yi a ɗakinmu na Balad, wayata a kashe, Juma'a uku ta wuce ni ina cin gurasa da wake. Kullum in ce gobe zan je in durƙusa in faɗi gaskiya. Ina cikin goben nan, wata safiya na fito sayen gurasar, motar sintiri ta tsaya a gabana. Ban ko yi yunƙurin gudu ba.

A gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu aka tambaye ni fasfo. Ba ni da wata lamba da zan bayar sai ta Rihab. Kwana huɗu bayan nan aka kira sunana, aka kai ni bakin wata taga mai ƙarfe. Tana tsaye a ɗaya gefen, hannunta na hagu a ɗaure an rataye shi a wuya. Ta turo mini fasfo ɗina da ledar dabino. Na gaishe ta, na tambayi jikin Baba da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Ta ce an sallame shi, amma ba zai ƙara hawa bene ba, sun koma gidan yayanta a Aziziyya, a ƙasa. A keke ake tura shi.

Na buɗe baki zan fara, ta riga ni.

"Na je inda aka ajiye mota, Ammu. Na karanta kafar. Hamsin da biyar. Da hoton talj, ƙanƙara. Shekara tara da yin su."

Na ce haka ne. Na ce ta yafe mini, na yi ne da nufin alheri.

"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa ya fi zafi." Ta lalubo kalma ta ci gaba. "Baba bai sani ba. Na ce masa zafin hanya ne, ƙaddara. Kullum yana tambaya ina Ɗan Garinmu, yana cewa askar sun kama ka shi ya sa ba ka zo ba. Ba don kai na rufe ba. Shi ƙafa ta tafi, halas, ba dawowa. Abin da ya rage masa garin kakarsa ne, da cewa mutanensa na amana ne. Ba zan karɓe masa wannan ma ba. Kai ma kada ka karɓe."

Na roƙe ta ta bar ni in faɗa masa ko ta waya, in sauke abin da ke wuyana. Ta girgiza kai, ta ce in na sauke a kansa zai sauka. Ta juya ta tafi, ban sake ganinta ba.

Yau shekarata uku da dawowa. Ina gindin darbejiyata, injin iskana yana tarinsa. Na daina sayar da mai dutse, na daina ƙara wa mota tsayin da ba nata ba. In direba ya zo sai na buɗe ƙofarsa na karanta 'yar takardar lambar taya da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar kafin in taɓa komai. Da yawa sun koma wurin maƙwabcina, suna cewa Haladu ya je Makka ya dawo da iyayi. Talatu kaɗai na gaya wa gaskiyar abin da ya faru, ta yi salati, ba ta sake tayar da maganar ba.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci wayata takan yi ƙara. Baba Bakur ne. Zai ce Ɗan Garinmu, an ci tuwo babu kai. Zai sa ni in lissafa masa unguwanni, ya tambayi kukar kakarsa, in ce tana nan. Sau da yawa maganar takan zo mini har maƙogwaro, sai in tuna hannun nan da aka rataye a wuya, in haɗiye. Ina son tsohon nan kamar mahaifina, kuma ni na zaunar da shi. Ban san ranar da zan saba da wannan ba.

Juma'ar da ta wuce ya ce yana da shawara da yake nema a wurin mai sana'a. Tayar kekensa ta dama ta fara cinyewa, 'ya'yansa suna cewa a kai kamfani, shi kuwa ya ce musu yana da nasa gwanin a Ringim, ba za a taɓa ba sai ya ji ta bakina. Ya ce wace iri zan zaɓar masa?

Na dubi babban yatsana.

Na ce, "Baba, ni ban sani ba. A ba wa Rihab ta karanta abin da aka rubuta a jiki, a sa masa irinta."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce abin da yake so da mutanen garinsu ke nan, ga sani ga ƙanƙan da kai.